Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani (1865-1948)

 A wannan mako filinmu na tarihin bayin Allah ya sauka a kan wani mutum wanda dattawan ekklesiya a Arewa suka sani da laƙabin Bature Mai Magani, wato marigayi Likita Andrew Park Stirrett na mishan ɗin SIM. Ba ɗan ɗarikarmu ba ne, amma duk wanda ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ci daga guminsa.

Mun zaɓe shi ne da gangan. Akwai wata tambaya da take yawan tasowa a tsakaninmu a nan ƙasar Haɗeja, musamman idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sauro kuma ya buɗe kasuwarsa. Tambayar ita ce, idan mai bi ya kwanta ciwo, zai sha magani ne ko zai tsaya ga addu'a kaɗai? Wasu masu wa'azi sukan sauka da lasifika da kwalaben mai, su gaya wa mutane cewa wanda ya nufi asibiti bangaskiyarsa ce ta raunana. Sukan yi kwana uku su tafi. Mu kuwa da muke zaune da jama'a, mu ne ake tasa da dare idan jikin yaro ya yi zafi ya fara sanƙarewa. Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba, kuma Stirrett ya yi rayuwarsa a tsakiyarta.

An haife shi a shekarar 1865 a wani ƙaramin gari mai suna Camlachie a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantin magani a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa cinikin albarka har ya mallaki dukiya da gidaje. Bai tsaya nan ba, ya shiga karatun likita. Ga shi bai yi aure ba, ga abin hannu, ga sana'a mai daraja. A ganin mutane, abin da ya rage masa shi ne ya zauna ya tsufa cikin jin daɗi. Sai wata 'yar takarda ta faɗo hannunsa, wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan nauyin ƙasar Sudan. A wancan zamani idan Turawa suka ce Sudan, ba ƙasar da take da babban birni a Khartum kaɗai suke nufi ba, suna nufin dukan shimfiɗar ƙasar baƙar fata da take kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa da Barno.

Ya kamata mu ɗan koma baya domin a gane irin abin da mutumin nan ya jefa kansa a ciki. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko, wato Walter Gowans da Thomas Kent da shi Bingham, da niyyar shiga ƙasar Hausa da bishara. Tsofaffin 'yan mishan da suka tarar a can suka gaya musu cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai watakila jikokinsu. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kayar da shi, ya koma gida a 1895. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku ne mutum huɗu suka samu suka kafa tasha a Patigi, a bakin Kwara, a 1902. Cikin shekara biyu ɗaya ya rasu, biyu aka mayar da su gida da ciwo, A. W. Banfield kaɗai ya rage.

A waɗannan shekaru kuma wata koyarwa ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada, cewa warkarwa tana cikin fansar da Yesu ya yi mana daidai da gafarar zunubi, saboda haka mai cikakkiyar bangaskiya ba ya bukatar magani. Sunan A. B. Simpson na birnin New York shi ne ya fi fita a wannan fage, kuma da yawa daga cikin samarin da suka taso da zafin zuwa Afirka sun sha daga wannan rijiya. A 1890 wasu matasa daga jihar Kansas suka sauka a Firitawun ta Saliyo, suka ƙi shan kwinin saboda wannan koyarwa, cikin 'yan makonni aka binne uku daga cikinsu. Ba muna faɗin haka domin mu yi musu ba'a ba. Mutane ne da suka bar iyaye da ƙasa saboda Yesu, ƙaunarsu ta fi tamu zafi nesa ba kusa ba. Abin baƙin ciki shi ne maganin yana nan, an kuma san amfaninsa. Tun a 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, ya riƙa ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin a cikin jikin sauro, a 1898 kuma aka kafa makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi a birnin Liverpool na Ingila.

To, a wannan hali ne Stirrett ya miƙa kansa. Shugabannin mishan suka yi ta jan ƙafa, domin mutumin ya doshi shekara 37, su kuwa samari masu jini a jika suke nema, waɗanda harshe zai yi saurin kama bakinsu. Ga shi kuma ɗan gajere, ba shi da siffar jarumi. Shi kuwa bai jira sun gama shawara ba. Ya sa dukiyarsa a hannun mishan, ya hau jirgin ruwa mai dakon shanu zuwa Ingila domin kada ya ɓata kuɗi, ya tsaya a Liverpool ya ƙara ilimi a kan cututtukan ƙasarmu, sa'an nan ya wuto. Kafin ƙarshen 1902 yana Patigi. Duk sa'ad da muka zo nan a tarihinsa, sai mu tuna da labarin annabi Sama'ila a gidan Yesse, inda ya ga tsayin Eliyab ya ɗauka an gama, Ubangiji kuwa ya nuna masa cewa ma'auninsa dabam yake da na mutum (1 Sama'ila 16). Wanda aka ce ya tsufa, shi ne ya yi kusan shekara 46 a bakin aiki, ya binne da yawa daga cikin waɗanda suka girme shi da ƙarfi.

A 1904 ya buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru inda Gwamna Lugga yake zaune a lokacin. Wuri ne da ayarin fatake suke yada zango, a nan ya riƙa zama da Hausawa yana duba marasa lafiya, yana wanke gyambo, yana kama harshe. A bakin irin waɗannan mutane ne laƙabinsa ya bazu. Daga baya ya zama shugaban aikin mishan ɗin a Nijeriya na tsawon shekaru, sabon ɗan mishan kuwa ba ya wuce hannunsa sai ya ji dokokin lafiya. A sha kwinin kowace rana ba fashi. A kwana cikin gidan sauro. A tafasa ruwan sha. Kada a fita rana ba hula. Wannan ta ƙarshe ita ce lokaci ya nuna an zafafa a kanta, domin Turawan yanzu suna yawo a ranar Haɗeja da kai a buɗe ba abin da ya same su sai ja da fata ta yi. Amma sauran dokokin sun ceci rayuka. Mutuwar da take ɗauke 'yan mishan tun ba su iya gaisuwa da Hausa ba ta ragu ƙwarai. Har littafi ya rubuta a kan yadda ake jiyyar cututtukan Afirka ta Yamma, domin wanda yake ƙauye nesa da likita ya sami abin dubawa.

Kada wani ya ɗauka wai mutumin nan ya dogara ga kwalba ya bar Allah. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi a kan addu'a fiye da kome, mai sammakon tashi ne ya durƙusa tun gari bai waye ba. Abin da ya gane shi ne, hannun da ya halicci itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, shi ne hannun da ya taɓa kuturu a Galili. Idan muka duba Littafi da idon basira za mu tarar haka abin yake. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Ubangiji aka ƙara masa shekara 15, annabi Ishaya ne da kansa ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38). Ga alkawarin Allah, ga kuma magani, ba wanda ya kori wani. Manzo Bulus, wanda aka riƙa ɗaukar ƙyallaye daga jikinsa ana kai wa marasa lafiya a Afisa suna warkewa, shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa, shi ne ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, shi ne kuma yake yawo da Luka likita yana kiransa ƙaunatacce. Shi kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri a madadinta (2 Korantiyawa 12). Wa zai tashi a cikinmu ya ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Bingham ma, wanda ya san wannan koyarwa tun yana saurayi, ya kuma ga abin da zazzaɓi ya yi wa abokansa, ya rubuta littafi a 1921 mai suna The Bible and the Body. A ciki ya yarda sarai cewa Allah yana warkarwa ta hanyar addu'a har yau, amma ya ƙi yarda a mai da hakan doka, ko a ɗora wa mara lafiya laifin rashin warkewarsa. Wannan matsayi shi ne mishan ɗin ya tsaya a kai. A kudancin ƙasar nan kuwa muhawarar ta bi wata hanya. A 1930 aka yi babbar farkawa a Ilesha ta hannun Joseph Ayo Babalola, dubban mutane suka zubar da layu da gumaka, da yawa suka ba da shaidar warkewa. Amma wajen 1940 ekklesiyar ta rabu biyu, babban dalili kuwa shi ne an ga Turawan mishan da suke tare da su suna shan kwinin. Ƙwaya ɗaya ce mai ɗaci, wasu suka ɗauke ta kyautar Allah, wasu suka ɗauke ta alamar ja da baya. Mu dai a namu ganin, wanda ya hana uwa kai ɗanta asibiti ya ɗauki nauyin da Littafi bai ɗora wa kowa ba.

Sai dai babban abin da ya ja mu ga tarihin Stirrett ba maganin ba ne. Zuciyarsa tana kan Hausawa ne, Hausawa kuwa an rufe masa ƙofarsu. Turawan mulki sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka ci Haɗeja a 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya faɗi a cikin garinsa tare da jarumawansa. Amma Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki a addini ba, waɗanda suka gaje shi kuwa suka riƙe wannan alkawari da hana 'yan mishan zama a cikin masarautu. Waɗanda suke zaton Bature mai mulki da Bature mai bishara bakinsu ɗaya, ya kamata su san cewa shekara da shekaru Razdan ne yake tare wa ɗan mishan hanya.

Da ya ga ba zai je inda Hausawa suke ba, sai ya riƙa tsayawa inda suke wucewa. A Jos, inda hedikwatar mishan ta koma, haƙar kuza ta tara mutane daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno. Kusan kowace rana dattijon nan yakan tafi kasuwa ya tsaya ya yi wa'azi da Hausa. Wasu su saurara, wasu su yi dariya, wasu su wuce da kayansu a ka. Masu rubuta tarihinsa sun ƙiyasta ya yi irin wannan wa'azi wajen sau 20,000. Idan kuwa aka tambayi yawan Hausawan da suka fito fili suka bi Yesu ta bakinsa, ba su taka kara sun karya ba. A lissafin ɗan kasuwa wannan faɗuwa ce. Mutum ya sayar da kanti mai riba, ya yi shekara arba'in yana kasa haja ba mai taya. Da a zamaninmu ne, da wani kwamiti ya daɗe da rubuta masa takardar canjin wurin aiki.

Shi kuwa bai sauya ba, bai yi ɗaci ba, bai kuma koma zagin mutanen da suka ƙi saƙonsa ba. Yana gaishe su, yana ba su magani, gobe ya dawo. A nan ne muke ganin mutumin da ya koyi duban rayuwa daga inda Allah yake dubanta. Ya san an aiko shi shuka ne, girbi kuwa yana da Mai shi. Mu da muke hidima a ƙananan majami'u na wannan yanki, inda wani lokaci masu sujada ba su cika benci huɗu ba, yawancinsu ma baƙi ne da aiki ko ciniki ya kawo, mun san irin nauyin da zuciya take ɗauka idan shekara ta juyo ba a ƙaru da kowa ba. Manomin shinkafa a fadamar Auyo ko Guri ya fi kowa sanin cewa yakan zuba iri ruwa ya zo ya shafe, ya kuma sake zubawa.

Aikin da ya fi daɗewa a bayansa a kan tebur aka yi shi. Yana cikin waɗanda suka zauna shekaru suna aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Walter Miller na CMS, mutumin Zariya da Wusasa, wanda shi ne ya ɗauki mafi nauyin aikin. A 1932 aka buga cikakken Littafin. Ga abin mamaki, likitoci biyu ne suke gaba a wannan aiki, dukansu kuma sun ba shi ƙarfinsu fiye da yadda suka ba allura. Stirrett ya kuma sa hannu a waƙoƙin sujada na Hausa. Littafin da aka yi domin Hausawan birni sai ya zama abincin ɗaruruwan kabilu na Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, da Maguzawan Kano da Katsina, waɗanda Hausa ta zama musu harshen sujada. Ko bayan fitowar sabuwar fassara ta 1979, akwai tsofaffin da har suka koma ga Ubangiji ba su yarda sun saki tsohuwar ba.

Ƙofar masarautu kuwa da ta buɗe, ta hanyar ciwo ta buɗe. Wajen 1937 hukumomin En'e suka miƙa wa SIM kula da zangon kutare, aka sami Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A lokacin ba wani magani sai allurar wani mai da ake samowa daga ƙasar Indiya, mai zafi, mai jinkirin aiki. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba da ƙwayar dafson, wadda aka gwada a Uzuakoli ta gabashin ƙasar nan. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda mutanen Haɗeja da Gumel da Kazaure, Musulmi da Kirista, suka daɗe suna kai tsofaffinsu a cire musu yana. A wannan yanki namu ma, inda jirgin ƙasa ya ratsa ta Malam Madori zuwa Nguru tun 1930, mishan ɗin ya zo ya zauna a Garun Gabas. Stirrett ya rayu har ya ga farkon wannan da idonsa, yana tsoho. Mutanen da jama'a suke gudu, waɗanda ake ajiye wa abinci daga nesa, su ne Allah ya mai da mabuɗi.

Abokin gaban da ya yi yaƙi da shi yana nan tare da mu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa a wurare da dama, ruwa yakan kwanta inda da yake wucewa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu, bayan ruwa kuma sai zazzaɓi da gudawa su biyo. Tsargiya ma ba ta bar yaran da suke wanka a kududdufi ba. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Kwinin ya ba klorokwin wuri, klorokwin ya daina ci, aka koma haɗin magungunan atimisinin. Ana raba gidan sauro mai magani, ana kuma bi gida gida da damina ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi. Idan masu rabon nan suka ƙwanƙwasa ƙofar mai bi, muna roƙo a karɓa da godiya, a ba yaro a kan lokaci, a kuma kira dattawan ekklesiya su yi addu'a kamar yadda Yakubu ya umarta. Gidan sauron kuma a rataya shi a kan gado, kada a mai da shi shingen lambu ko komar kamun kifi, kamar yadda muke gani a wasu ƙauyukan bakin kogi.

Likita Stirrett bai koma Kanada ya huta ba, bai kuma yi aure ba har ƙarshe. Ya ci gaba da fita kasuwa yana da shekara 80 da ɗoriya, jiki yana raguwa, murya tana dushewa. Shi da ya warkar da dubbai, da lokacinsa ya yi ba kwalbar da ta riƙe shi. Ya rasu a Jos a watan Yuli na 1948 yana da shekara 82, shekara 6 bayan rasuwar Bingham, shekara 4 kafin ta Miller, shekara 6 kuma kafin majami'un da mishan ɗin ya kafa su tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA a 1954.